Makaho da Takarda a Ƙasar Hausa: Daga Zamanin Wuri Zuwa Zamanin Banki



Abin da zan yi magana a kansa a yau shi ne tarihin zaman da aka yi tsakanin makaho da rubutu a ƙasar Hausa. Ba zan ɗauki makaho a matsayin mai bara ko majinyaci ba, domin an sha yin wannan magana. Zan ɗauke shi ne a matsayin mai saye da sayarwa, watau mutumin da ke shiga kasuwa da kuɗinsa, ya je kantin magani, ya buɗe ajiya a banki, a miƙa masa takarda a ce ya duba ya sa hannu.

Bari in fara da abin da ya jawo hankalina. Ina da wani kawu a wajen Achilafiya, cikin ƙasar Kazaure, wanda ya yi shekaru yana fataucin awaki kafin idonsa ya rufe da tsufa. Har yanzu in ya shafa bayan akuya zai faɗa maka shekarunta da abin da za ta yi a kasuwa, kuma da wuya ya kuskure. Wata rana ya sayar da rago, aka ce za a tura masa kuɗin ta waya. Sai da ya kira jikansa ya karanta masa saƙon, sa'an nan ya faɗa wa yaron lambarsa ta sirri don a ciro masa kuɗin a wurin mai na'ura. Ba wanda ya cuce shi ko kwabo. Amma da na je gaishe shi sai na tarar ransa a ɓace, ya ce mini, "Ɗana, da can ko matata ba ta san abin da ke aljihuna ba. Yau yaran unguwa sun sani." Tun daga ran nan nake tambayar kaina yadda aka yi muka zo nan.

Mu koma shekarar 1824. A watan Janairu na wannan shekara Baturen nan Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdullahi, ya shiga birnin Kano a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, lokacin da Kano ke fama da Ɗantunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure. Cikin abubuwan da ya rubuta akwai labarin wata unguwa a cikin ganuwa wadda makafi ke zaune a cikinta su kaɗai. Ya yaba tsabtarta da kyan gininta, ya kuma ce mutanenta suna da wani kaso da suke samu daga Sarki, ban da abin da suke samu na bara a kasuwa. Wannan ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa makafi jama'a ce mai tsari. Suna da Sarkin Makafi da ke sasanta su, ya kuma tsaya musu a gaban hukuma, kuma sarautar tana nan har yau a manyan garuruwanmu. Hausawa ma sun tafi da ita duk inda suka je. Wanda ya karanta binciken da Abner Cohen ya buga a 1969 kan unguwar Sabo ta Badun zai tarar da Sarkin Makafi a can. Suna kuma da sana'a, musamman tufkar igiya, wadda suka shahara da ita.

To, yaya ilmi yake isa ga waɗannan mutane? Ta kunne yake isa. Karatunmu na gargajiya, ko da yake da allo da tawada ake yinsa, ginshiƙinsa baki ne da kunne: malam ya biya, almajiri ya maimaita, har abin ya zauna a ka. A irin wannan makaranta yaron da ba ya gani bai rasa abu mai yawa ba, sau da yawa ma yakan riga masu ido haddacewa. Addini kuma bai rufe masa ƙofa ba. Kowane ɗalibi ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ke kiran salla tare da Bilal, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bari a kan Madina in zai fita, kuma a kansa ne farkon Suratu Abasa ya sauka. A zamaninmu ma ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji. A ka ya tsara ta, masu ido suka rubuta, aka buga ta a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Makafi ne suka yaɗa waƙar gari-gari da bakinsu, tun kafin littafin ya kai wurare da yawa. Sai dai ku lura da wani abu: littafin da aka buga da sunansa, shi kansa ba ya iya buɗe shi ya karanta.

A wajen ciniki ma shari'a ta san da shi. Mazhabar Malikiyya, wadda alkalanmu ke hukunci da ita, ta halatta saye da sayarwar makaho, ya dogara da siffantawar da aka yi masa, ko kuwa da taɓawa da sansanawa da ɗanɗanawa a abin da ake ganewa ta haka. Ta kuma karɓi shaidarsa a kan maganar da ya ji in ya tabbatar da muryar. Ba dukan mazhabobi ne suka sauƙaƙa haka ba. Ma'anar wannan ita ce, a idon alkali makaho cikakken mai ciniki ne, kuma faɗa masa gaskiyar haja da baki sharaɗi ne na ingancin cinikin, ba alfarma ba ce.

Kuɗin zamanin kuwa na hannu ne. Wuri ba shi da rubutu, ba shi da launin da ke bambanta daraja. Ƙirga shi ake yi biyar-biyar, a tara tsibi-tsibi, har a cika keso mai wuri 20,000. Barth, watau Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri kamar 2,500. Aiki ne mai wahala, amma yatsu ke yinsa, don haka makaho da mai ido duk ɗaya suke a gabansa.

Ga abin da nake so ku riƙe daga wannan zamani. Ba makaho kaɗai ne ba ya karanta takarda ba. Yawancin masu ido ma ba sa karantawa. Saboda haka sai al'umma ta gina kanta a kan karantawa a bayyane. Umarnin Sarki sankira ke shelarsa. Wasiƙa in ta zo a kai wa malam ya karanta. Bashi da jingina da gado a gaban shaidu ake ƙulla su. Makaho ya ci gajiyar wannan tsari ba don an yi shi dominsa ba, sai don an yi shi domin kowa. Ba na cewa zamanin daɗi ne gare shi. Agana da ƙyanda da amodari sun makantar da yara ba adadi, kuma bara ta ci mutuncin mutane da yawa. Amma ta fuskar sanin abin da ake ciki, tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ba ta da faɗi.

Yanzu sai mu bar Kano mu haye teku, amma ba mu bar shekarar 1824 ba. A daidai lokacin da Clapperton ke zagaya unguwar makafi, akwai wani yaro ɗan shekara 15 a makarantar makafi ta birnin Faris, sunansa Louis Braille. Ɗan baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da kayan aikin ubansa, ciwon ya kama ɗayan, ya makance. Makarantar da aka kai shi a 1819 tana da littattafai, amma haruffan masu ido ne aka buga manya-manya masu tudu, yatsa ya bi su a hankali. Karatun yana da nawa ƙwarai, kuma ba yadda ɗalibi zai rubuta nasa. Wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, ya kawo musu wata dabara ta ɗigo 12. Yaron nan ya zauna ya rage ɗigon zuwa shida, uku a dama uku a hagu, yadda kan yatsa zai rufe harafi ɗaya gaba ɗaya ba sai ya motsa ba. Daga ɗigo shidan nan ana samun siffa 63, waɗanda suka isa haruffa da lambobi da alamomi. Ya buga tsarin a 1829. Malamai masu ido suka daɗe suna ƙinsa, don su bai yi musu kama da rubutu ba, har sai 1854 hukumar Faransa ta karɓe shi, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Kada kuma a ɗauka a Turai aka fara tunanin karatu da yatsa. A Bagadaza, wajen farkon ƙarni na 14, an yi wani malami makaho mai suna Zainuddin al-Amidi, wanda ke koyarwa, yana kuma cinikin littattafai. Malam Safadi ya kawo labarinsa a littafin da ya tara tarihin mashahuran makafi. In ya sayi littafi sai ya murɗe 'yar takarda ta yi siffar harafi, gwargwadon kuɗin littafin a lissafin abajada, ya manna ta a cikin bango. Ran da zai sayar sai ya shafa ya tuna nawa ya saya. Na kawo wannan labari ne don abin da ya fara sa mutumin nan neman rubutun taɓawa shi ne farashi. Bukatar ɗan kasuwa ce.

Mu dawo gida. Bayan 1903 mulkin Turawa ya shigo da takarda cikin rayuwar talaka ta hanyar da ba a saba ba. Ga rasit na haraji, ga tikitin jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Kano a 1911, ga katin asibiti, ga sammaci. Duk da haka kuɗin farko ba su takura wa makaho ba. Anini da ɗari da kwabo suna da huda a tsakiya, girmansu kuma ya bambanta. Sisi da sule ba su da huda. Taron da aka buga a 1959 kusurwa 12 gare shi. Dattawan da ke cikin ɗakin nan za su tuna yadda makaho ke juya kuɗi a tafinsa ya faɗi ko nawa ne kafin mai ido ya gama dubawa. Sa'an nan aka zo da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, mutane da yawa suka koyi boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta shiga ƙauyuka. Wannan alheri ne babba, ba mai musu. Amma kowane mutum da ya koyi karanta wa kansa, bukatar a karanta a bayyane ta ragu da mutum ɗaya. Sannu a hankali ma'aikaci ya daina faɗa, ya koma manna sanarwa a bango.

Rubutun ɗigo kuwa ta ƙofar mishan ya shigo Arewa. Mishan ɗin S.I.M. ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda har yau yana aiki a hannun ikilisiyar ECWA, kuma mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura sun daɗe suna kai marasa lafiyarsu can. A 1953 mishan ɗin S.U.M. ta kafa makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, ita ce ta farko irinta a Nijeriya. An daidaita ɗigon da harshen Hausa, har haruffanmu masu lanƙwasa suka samu nasu siffofi. A gefe guda kuma wani Bature makaho, John Wilson, ya kafa ƙungiyar taimakon makafi ta ƙasashen renon Ingila a 1950, wadda yanzu ake kira Sightsavers, ita ce kuma ta turo Dokta Rodger ya yi binciken makanta a Afirka ta Yamma cikin shekarun 1950.

Ƙofar da abu ya shigo ta ciki tana da tasiri a kan yadda za a karɓe shi. Uba Musulmi a ƙasar Kazaure, wanda ko ɗansa mai ido bai yarda ya kai makarantar boko ba, yaya za a yi ya ɗauki makahon ɗansa ya kai shi makarantar kwana ta mishan, tafiyar kwanaki, don ya koyi rubutun da ba mai karanta shi a garinsu? Ga kuma hanya a buɗe wadda aka sani, ta allo da hadda. Ba na ganin laifin uban, ba na kuma rage wa mishan ladan aikinta. Abin da ya faru dai shi ne an daɗe ana ɗaukar rubutun ɗigo kamar kayan coci, alhali tun 1951, a wani taro da hukumar UNESCO ta kira a Berut, an daidaita shi ga harshen Larabci, daga baya aka buga Alƙur'ani da shi. Wani abin sha'awa shi ne Larabcin ɗigo daga hagu zuwa dama ake karanta shi. Mai rubutu da allon ƙarfe da tsinke kuwa, ko wane harshe yake rubutawa, daga dama yake farawa kamar mai ajami, domin ta bayan takarda yake huda ɗigon.

Cikin waɗanda Gindiri ta yaye akwai mutum ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa, marigayi Bitrus Gani. Ƙyanda ce ta makantar da shi yana yaro. Ya yi karatu a Gindiri, ya wuce Landan ya koyi aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya dawo ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1976 ya fara aikin naɗar littattafai a kaset domin makafi a Zariya, abin da ya zama gidauniyar Hope for the Blind a Wusasa. Ku duba, mutumin da ya ƙware a rubutun ɗigo, shi ne ya ga cewa ɗigo kaɗai ba zai wadatar ba, ya koma ga kunne. Dalili a fili yake. Takardar ɗigo mai kauri ce mai tsada, littafi ɗaya na masu ido yakan zama mujalladi da yawa, na'urar bugawa kuma daga waje ake kawo ta. Kaset kuwa a lokacin akwai shi a kowace kasuwa.

Gwamnati ta shigo daga baya. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ware sashe domin ilmin naƙasassu, a shekarar kuma aka buɗe kwalejin horon malamansu a Oyo. Kano ta yi makarantar Tudun Maliki, a lokacin kuwa ƙasar Jigawa duka tana cikin Jihar Kano, sai 1991 aka raba. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suka buɗe sassan nazarin wannan fanni. An samu makafi lauyoyi da malamai da 'yan jarida. Sai dai duk wannan tarihin makaranta ne. Rubutun ɗigo ya shiga aji, ya shiga ɗakin jarrabawa, ya shiga coci da masallaci, amma bai shiga kanti ba. Ɗalibin da ya gama karatunsa da ɗigo in ya je biyan kuɗin wuta, takardar da za a ba shi a hannunsa fara ce fat.

Kuɗi ma suka juya masa baya. An kawo naira ran 1 ga Janairu, 1973. Da darajarta ta yi ta faɗuwa sai tsabar ƙarfe ta ɓace daga kasuwa, aka yi ta ƙaro manyan takardu: naira 20 a 1977, 50 a 1991, 100 a 1999, 200 a 2000, 500 a 2001, 1,000 a 2005. Huɗun nan na sama girmansu ɗaya ne. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ya riƙe sefa ya san takardunta sun bambanta da girma gwargwadon darajarsu, haka ma kuɗin yuro. A Amurka, inda dala duk girmanta ɗaya, ƙungiyar makafi ta kai gwamnati ƙara, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ba ta gaskiya a 2008. Babban Bankin Nijeriya ya yi wani ƙoƙari. Alal misali takardar naira 100 ta tunawa da cika shekara ɗari da haɗe ƙasar, ta 2014, an yi mata alama mai tudu domin masu lalurar gani. Amma duk wanda ya san yadda takardar kuɗi ke komawa bayan ta yi wata biyu tsakanin mahauta da masu manja ya san tudun ba ya daɗewa. Sa'an nan canjin kuɗi na ƙarshen 2022 da ƙarancin tsabar da ya biyo baya a farkon 2023 suka tura kowa ga waya da na'ura, har mutanen ƙauye irin kawuna. A nan ko takardar da za a shafa babu.

Su wane ne ma makafin da muke magana a kansu? Binciken ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne, watau kimanin mutum miliyan 1.13, in kuwa aka haɗa da masu raunin gani adadin ya kai miliyan 4.25. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido yana biye, kuma kashi 84 cikin ɗari abu ne da ake iya karewa ko warkarwa. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ita ta fi kowace yawan makafi. Abin da waɗannan alƙaluma ke faɗa shi ne makahon ƙasar Hausa galibi ba ɗan makarantar Gindiri ba ne. Dattijo ne ko dattijuwa da ido ya rufe musu bayan sun manyanta, a ƙauye, da yawa ba su yi boko ba. Manomin da fartanya ta yi wa hannu kanta shekara arba'in ba zai zauna ya koyi bambanta ɗigo da kan yatsa ba. Masu raunin gani kuwa, waɗanda suka ninka makafin yawa, ba ɗigo suke bukata ba. Tabarau suke bukata, da rubutu manya baƙi a kan fari, da haske a wurin da ake cika takarda.

Doka dai an yi ta. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Ta shiga yarjejeniyar Marakish ta 2013 a shekarar 2017, wadda ta ba da dama a mayar da littafi ɗigo ko murya domin makafi ba sai an nemi izinin mai haƙƙin mallaka ba, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta shigar da wannan cikin dokokin ƙasa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Hukumar zaɓe ta gwada wani kwali mai ɗigo da ake zura takardar ƙuri'a a cikinsa a zaɓen gwamnan Osun na 2018, ta yi amfani da shi a babban zaɓen 2019. A Jigawa kuwa, tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, abin da ya ja hankalin ƙasa a lokacin.

Kwalin zaɓen nan misali ne mai kyau na abin da nake nufi. Manufarsa daidai ce, makaho ya jefa ƙuri'arsa ba wanda ya sani. Amma sai wanda ya iya ɗigo yake amfana, saura kuwa ɗan jagora ne zai dangwala musu yatsa, su dogara da amanarsa. A ganina kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne, da an ce a sauƙaƙa wa makaho rubutu sai tunaninmu ya tsaya ga ɗigo, mu ga yana da tsada, mu bar maganar duka. Lalle ɗigo wajibi ne ga yaro, domin wanda bai taɓa harafi da hannunsa ba ba zai san ƙa'idar rubutu ba, ba zai yi lissafi mai zurfi ba. Wajibi ne kuma a kwalin magani, kamar yadda Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanoni tun 2005. Amma ga mafi yawan mutanenmu hanyar ita ce wadda kakanninmu suka sani, watau murya, da sharaɗin a ƙara mata abin da ba ta da shi a da, sirri.

Kayan aikin kuwa suna hannu. Wayoyin zamani suna da manhajar da ke karanta abin da ke kan fuska a bayyane, makafi 'yan boko a Kano da Dutse da Zariya suna aiki da ita kullum, sai dai galibi da Turanci take magana, in ta ci karo da Hausa sai ta kwaɓa. Saƙon murya ta WhatsApp ya riga ya zama wasiƙar talaka, mai ido da marar ido. Bankin da ke iya tura wa mutum rubutaccen saƙo cewa kuɗi sun shigo, ba abin da zai hana shi kiran wayarsa ya faɗa masa da Hausa, a kunnensa shi kaɗai. Ana yin na'urar cirar kuɗi mai magana ta abin sawa a kunne tun ƙarshen shekarun 1990 a wasu ƙasashe. Mai kantin magani kuma ba ya bukatar doka kafin ya karanta wa tsohuwa ranar lalacewar magani, ya ɗaura zare a wuyan kwalbar ɗigon ido don kada ta haɗa ta da ta kunne. Ma'aikacin banki da ya karanta wa makaho sharuɗɗan bashi tun daga farko har ƙarshe kafin ya kama yatsansa ya dangwala, abin da malaman Malikiyya suka kira siffantawa ne ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na kimiyyar kwamfuta kuwa, ga aiki nan yana jiransu, na koya wa na'ura ta furta harshenmu da karin sautinsa, yadda dattijo zai ji ya gane ba tare da ya ce a maimaita ba.

Da na koma wurin kawuna bayan wani lokaci, na tarar ya yi wa kansa dabara irin ta al-Amidi, ko da yake bai taɓa jin sunansa ba. Dubu yakan ninke ta biyu, ɗari biyar ya ninke ta huɗu, ɗari biyu ya naɗe ta kamar tabarma, kowace da aljihunta. Wanda ya amince da shi yake faɗa masa ko nawa ce sau ɗaya, daga nan ba ya sake tambayar kowa. Lambar sirrin dai har yanzu tana hannun jikan, ya ce kuma ya bar ajiye fiye da kuɗin cefane a cikin asusun. Sauran ya mayar da su awaki.